Sayen Idon Kamara a Kwatano da Goyo a Baya

Tun kafin in ga kogi, tun kafin kowa ya cuce ni, abin da ke cin raina shi ne kada in dawo gida da abin da ba shi ba. Ni lakkol, wato makarantar boko, ɗan kaɗan na yi aka fidda ni. Lamba ina gane ta, amma rubutu sai na bi shi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa cikin wake. Ƙannen maigidana kuwa sun riga sun yanke hukunci. Ɗayansu ya faɗa a gabana yana sakace, "A aiki mace sayen kayan inji? Gindin kwalba za a wanke a ba ta." Na taya su dariya don kada a ce na yi fushi. Maganar dai ta zauna mini a ciki, da ita na shiga mota.

Mu masu hoto ne a Dogon Dutsi. Maigidana, baban Zali, ya yi shekaru yana tuƙa wata tsohuwar Baturiya mai aikin lafiyar dabbobi. Da za ta koma ƙasarsu ba ta ba shi kuɗi ba, kamararta ta ba shi. Ƙarama ce, baƙa, mai nauyi kamar dutsen guga, in ka gan ta ka ce ta zamanin kakanni ce, amma hotonta a kati yake sauka kamar na kowa. Ba ta cikin idonta ake leƙe ba. Akwai wata ƴar taga a kusurwa, kana leƙawa ka ga mutum ya rabu biyu, sai ka murɗa har inuwar biyu ta haɗe, sannan ka danna. Shi ya koya, ya koya mini. Shi ke yin aikin waje, hoton suna da na katin shaida da na ƴan lakkol. Ni ke shiga ciki, inda namiji ba ya shiga.

Aikin ciki babba shi ne ɗakin amarya. Kun san yadda jere yake a wurinmu. Gwaggo ta Yamai ta aiko kuloli, inna ta Sakkwato ta aiko labule, wata ta Abijan ta aiko tasoshi. In an gama jere sai a ɗauki hoto, a wanke shi babba, a aika ma kowa nata. Kuma babu wadda ke duban amarya. Kowacce kayanta take nema. Wadda ba ta ga kularta ba, an raina ta ke nan, sai a shekara ba a gaisa ba. To idon da ke kan kamararmu na fuska ne, yana fidda mutum fes, amma ɗaki ba ya shiga cikinsa. In na manna bayana da bango, gado ya shiga, armuwar, wato kabad ɗin tufafi, ta fita. In na juya armuwar ta shiga, tasoshi sun fita. Hoto uku huɗu nake yi, su kuma ba sa so, wai ana iya kwashe kaya daga wannan gefe a mai da wancan don a ga sun yi yawa.

Ana haka Hajiya Rakiya mai atamfa ta sa ranar ɗiyarta bayan kaka. Ta kira ni shagonta, ko tabarma ba ta nuna mini ba.

"Balki, ɗiyata guda ce. Hoto guda nika so, daga gado har ƙofa. In ba ki iyawa, hwaɗa mini yanzu in kira mai hoto ta Yamai."

Inda Hajiya ta sa ƙafa nan matan gari ke sawa. In ta Yamai ta shigo ɗakin nan, mu mun fita daga sauran ɗakuna ke nan. Na ce mata ina iyawa. A lokacin baban Zali yana kwance, babur ya kada shi a hanyar Kore Mairuwa, maɗori ya ɗaure ƙafar da karare ya ce kada ya motsa. An bincika shagunan Yamai, duk sun ce bakin kamararmu ba ya karɓar irin idon da suke da shi, sai Kwatano inda gwanjon Turai ke sauka. Na sai da awakina biyu da waken da na noma. Baban Zali ya ce in riƙe abu guda, lambar da ke bakin gilashi, in ta yi ƙasa ido ya fi buɗewa. Namu hamsin ne. In nemi ashirin da wani abu.

Ba zan ɓata maku lokaci da bankwana ba.

A Gaya muka tarar gada a rufe, sai kwale-kwale. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba, kuma ban taɓa ganin maza masu ƙaramin aiki da babban baki irin na bakin ruwan nan ba. Mutum ya ɗauki jakarka ba ka sa shi ba, ya kai ta nan da can, ya miƙo hannu. Mai kwale-kwalen ya bari sai da muka kai tsakiyar kogi sannan ya kashe inji ya ce man fetur ya yi tsada, kowa ya ƙara. Ga maza manya da rawani a ciki, babu wanda ya ce uffan, kowa ya sa hannu a aljihu yana kallon ruwa. Ni ma na ba da, Zali na bayana wata takwas da haihuwa, ba zan yi gardama a kan ruwa ba. A tsallake wani mai bincike ya ce in buɗe jaka. Kamarar na naɗe ta cikin leda, na sa ta ƙarƙashin zanen da Zali ta ɓata tun safe, da gangan ban wanke ba. Ya ɗaga da ƴan yatsu biyu, ya kau da kai, ya ce in wuce.

Daga Malanbil muka shiga babbar mota. An sai mini kujera, amma kujerar buhun albasa ce a tsakiyar hanya. Da na yi magana yaron mota ya ce ai buhu ya fi kujera laushi. Kusa da ni wata Bafillatana ce dattijuwa za ta Paraku wurin ɗanta da ya gangara da shanu. Ba mu yi wata hira ba. Da aka tsaya salla ta miƙo hannu ta karɓi Zali ba ta tambaye ni ba, na yi alwala na yi sallata a natse. Da muka koma ta ce in ba ta ƙafafuna in ɗora kan ƙullin kayanta. Ta sauka a Paraku ban ko tambayi sunanta ba, kuma a duk tafiyar ita kaɗai ce ta taɓa ɗiyata ba ta nemi komai ba.

Muna ta gangarawa ƙasa na sauyawa. Gero ya ƙare, itatuwa suka rufe sama, ƙasa ta yi ja jawur. A tasha mata na tallar doya da wata miya mai manja da ke kama harshe. Na nemi fura, aka dube ni kamar na nemi nonon zaki. Cikina ya ƙi komai sai burodi da ruwan leda, ina tsoron kada nonona ya janye.

A Kwatano Isuhu ya tarbe ni. Isuhu ɗan Dumega ne, uwarsa maƙwabciyar surukata ce, ita ta ba mu lambarsa ta ce yaron kirki ne, ya san gari kamar tafin hannunsa. Na hango shi da baƙin tabarau da salula biyu a hannu guda, turarensa ya riga shi isowa. Takalminsa mai tsini ne, amma dunduniyar ta cinye gefe guda.

"Bon, ƙanwata, kin iso. Yaya Dutsi? Har yanzu jakkai na kwana a kan titi?"

"Suna kwana, yaya. Suna gaishe ka."

Ya yi dariya ya ce ina da baki. Ya kai ni Zango, wani gida da ƴan kasuwarmu ke sauka, ɗakin mata tabarma ce kusa da tabarma. Iskar garin kamar an jiƙa tsumma an ɗora maka a fuska. Wanki ba ya bushewa, gishiri ya dunƙule, jikin Zali ya feso da ƙuraje tun ranar farko.

Washegari ya kai ni wani shago mai ƙofar gilashi da sanyi kamar cikin randa. Wani saurayi da sarƙa a wuya ya dube ni daga kallabi har silifa, ya ci gaba da latsa salularsa. Sai da na kwance ledar. Abin da na lura da shi, kafin ya taɓa kamarar sai da ya goge hannuwansa a wando. Babu mai goge hannu don ya ɗauki tarkace. Suka shiga Faransanci da Isuhu da sauri-sauri. Sun ɗauka ba na ji, kuma gaskiya ba na ji, amma lissafi da Faransanci aka koya mana a lakkol, kuma kalmar miliyon ko jaki ya ji ta zai ɗaga kunne.

Isuhu ya juyo da fuskar tausayi.

"Wala, ƙanwata, ya ce aparai ɗin nan ta tsufa, an daina yin kayanta. Amma saboda ni zai taimake ki. Ki bar ta, ya ba ki wagga."

Suka ɗora mini wata ƙatuwar kamara mai ido kamar tabarya, yana shiga yana fita, da jaka da fitila da igiya mai rubutu. In ka rataya ta a Dutsi yara za su bi ka har gida.

"To in tawa ta tsufa, mi zai yi da ita?"

"Ado. Turawa na son tsohon abu."

"Ni ma ina son shi. Ido na zo saye, yaya, ba musaya ba."

Saurayin ya buɗe wata ƴar akwati ya nuna mini ido mai faɗi na ainihin kamfanin, bai bari na taɓa ba. Ya faɗi kuɗin. Da kuɗin nan za ka sayi babura ka raba ma ƙannenka, ka sayi fili a bayan gari. Na tambaya ko babu na talaka. Ya ce ma Isuhu wani abu suka yi dariya. Na naɗe kamarata, na sa ta tsakanin cikina da zane, na fita. A hanya Isuhu bai yi mini magana ba sai cewa da ya yi mutanen ƙauye ba su san alheri ba.

Kwana ya kewayo Zali ta tashi da zawo da zazzaɓi. Idonta ya faɗa, ta kama nono ta saki. Ina zaune a tsakar gidan da ita a cinya, ina ba ta ruwan gishiri da sukari da cokali, sai ga Isuhu da fara'a kamar ba a yi komai ba. Har da lemo ya kawo. Ya ce ya samo wani abokinsa wajen tashar jiragen ruwa mai irin idon da nake nema, na gwanjo, mai sauƙi. Sai dai dole a gwada baki da baki kada a sayo wanda ba ya shiga.

"Tashi mu tahi."

"Kana ganin ɗiyar."

"To ba ni aparai ɗin in je in dawo."

"Kamara ba ta barin jikina."

Ya kaɗa makullin da ke hannunsa. Sai ya ce, "Dakor. Ciro idon kawai. Bakinsu ɗaya ne, da shi za a auna. Ke ki riƙe uwar."

Maganar ta yi daidai da hankali. Abin da suka yi ta zagaye a shago kamara ce. Idon kuwa ɗan abu ne da bai kai kofin shayi ba, fentinsa ya koɗe. Na danna maɓalli na murɗe shi na ba shi. Ya sa a aljihun riga, ya shafa kan Zali, ya ce Allah ya ba ta lafiya, kafin azahar yana nan. Na rufe bakin kamarar da safar Zali.

Azahar ta yi, la'asar ta yi. Salularsa ta farko a kashe, ta biyun wata mata ta ɗauka ta zage ni da yaren da ban sani ba. Da jikin Zali ya yi sauƙi na goya ta na shiga neman shi. Ɗakin da ya ce nasa ne ashe na wani mai wankin mota ne, kwana kawai yake ba shi. Aka ce in je wurin dattawan mutanenmu da ke zama a ƙofar masallaci.

Na same su a kan benci, kowa da carbi, ana shan shayi. Na durƙusa na gaida su, na faɗi abin da ya faru. Babu wanda ya yi mamaki. Wani mai jan hula ya ce, "Isuhu? Ai ya tahi Lome." Wani ya ce, "Wa ya haɗa ki da shi?" Na ce uwarsa. Suka yi murmushi a tare. Babbansu ya tambaye ni ɗiyar wa ce ni a Dutsi, na faɗa, ya ce ya san kakana, mutumin kirki. Sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Mace da goyo ba ta yawo a garin nan. Ki koma gida." Sun san halinsa sarai. Sun gan shi yana wucewa da ni ta gabansu da baƙin tabarau, sun amsa sallamarsa, babu wanda ya aiko ko mai shara ta ce mini in kula. Haƙuri kuwa suna da shi buhu-buhu, kyauta suke rabawa, tun da ba daga aljihunsu yake fita ba. Ko shayin ba su ce in sha ba.

Mai kokon ƙofar gidanmu, wata Bazabarma mai faɗa da kowa, ita ta ga ina share ido da bakin mayafi. Ta ce kuka ba ya gyara inji. Akwai wani tsoho a bayan kasuwa da masu hoton coci ke kai ma gyara. Ta tsai da mai babur cikin masu rigar rawaya, ta yi masa kwatance, ta ja masa kunne da yarensu.

Shagon tsohon wani ɗan ɗaki ne da ya cika da matattun kamarori har rufi. Ana ce masa Papa. Ya yi zaman Maraɗi yana hoto tun yana saurayi, Hausarsa a karye take amma zaginsa daidai yake fita. Da ya ga safa a bakin kamarar ya dafe kai.

"Wane jahili ya yi wannan?"

"Ni ce."

"Zare ya shiga ciki. Ina idonta?"

Na ba shi labari. Ya tambaye ni rubutun da ke jikin idon, na ce hamsin, da sunan da ke kan kamarar. Ya cire tabaransa ya goge, ya mai da.

"Madam, abin da kika ba shi ya fi duk abin da ke ɗakin nan. Har da ni."

Na nemi wuri na zauna kan wata akwati, na juyo da Zali na ba ta nono, don hannuna ya sami abin riƙewa. Shi kuma ya yi ta hura cikin kamarar da wata ƴar roba yana gunaguni. Bai ce in yi haƙuri ba, wannan na yaba masa.

Da ya gama ya fiddo ido uku daga gwangwanin biskit, duk ba na kamfanin ba ne, na wasu ne da suka kwaikwayi bakin. Ya jera su, ya ce kuɗina ɗaya za su saya, in ma sun kai.

Na dubi shagon. Faɗinsa bai wuce ɗakin amarya ba, gado da armuwar da wurin shimfiɗa darduma. Na ce ya bar ni in gwada yadda nake aiki. Na roƙi farin faranti wurin mai abincin da ke maƙwabtaka da shi, na jingina shi a kusurwa ta ƙasa inda ake jera tasoshi. Papa ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai sayen ido da faranti ba.

Na farko sha biyar ne, ɗan mitsitsi. Ya haɗiye ɗakin duka har da yatsun ƙafata. Amma bango ya kwanta baya kamar zai faɗi, kusurwoyi suka yi duhu, farantin nan fari ya koma ruwan hoda. Na ce wannan zai raba zumunta. Gwaggon da ta aiko fararen kuloli ta gan su ja, cewa za ta yi an sai da nata an sa na wata. Papa ya ce da kwamfuta ana gyarawa. Na ce ya ga kwamfuta a goshina?

Na biyu ashirin da takwas, sabo fil, na ƴan Sin, mai nauyi, gilashinsa babba yana shan haske ko a ɗaki mai duhu. Na ɗauki fuskar Papa da shi, ta fito kusan yadda Allah ya yi ta. Na koma bakin ƙofa na ɗauki ɗakin. Farantin rabinsa ya shiga. Na kwance Zali na ba Papa, na manna bayana da katako har ya shiga ƙashina. Rabi dai. Na fita waje taki ɗaya, farantin ya shiga, amma katakon ƙofa ya shigo ta gefe biyu ya cinye abin da na samu.

Na uku ashirin da ɗaya, tsoho, gefensa ya lotsa kamar an taɓa yar da shi. Ba ya son duhu, sai an buɗe ƙofa da taga an riƙe numfashi. Kuma tagar kamarar ba ta nuna iyakar abin da yake gani, sai an ɗora wata ƴar taga dabam a sama, ita ma ta tsage a gefe. Na mai da Zali baya na tsaya a ƙofa. Ɗakin ya shiga daga bango zuwa bango, layukan kanta a miƙe, farantin fari, in ban da ɗan duhu kaɗan da sai mai neman magana zai gani. Sai na matsa na ɗauki fuskar Papa. Hancinsa ya taho gaba kamar na rago, kunnuwansa suka gudu baya. Ya duba ya ce ko matarsa da ta mutu ba ta taɓa wulaƙanta shi haka ba.

Da idonmu na da yana nan, babu abin tunani. Yanzu kuwa duk wanda na ɗauka shi kaɗai ne a gidanmu. Ashirin da takwas zai riƙe aikin baban Zali, suna da kati da ƴan lakkol, amma ɗakin Hajiya ba zai shiga ba. Ashirin da ɗaya zai ba ni ɗakin ya kashe masa nasa aikin.

Na kira baban Zali a salula. Na faɗa masa komai a tsaye ban tauna ba. Sai ya ce, "Zali fa?" Na ce ta warware. Ya ce, "To. Ke ke wurin, ke ke gani." Na so ya yi faɗa, ko ya zaɓa da kansa in ya ɓaci mu raba laifin. Bai yi ko ɗaya ba.

Na zauna ina kallon su biyun. Fuska dai yanzu kowane yaro mai salula yana ɗaukarta, har ya ƙara ma amarya fari da jan baki. Amma ɗaki guda cikin hoto guda, wanda za a wanke babba a ƙirga tasoshi ɗaya-ɗaya ba su dagule ba, babu mai yin shi daga Dutsi har Tibiri. Na ɗauki mai lotsattsen gefe. Papa bai rage mini ko dala ba, tsohon nan rowa gare shi kamar me, amma ƴar tagar ta sama ya ce in tafi da ita tun da babu wawan da zai saye ta. Ya ba ni murfi kuma, ya ce in na sake sa safa Allah ya isa.

Komowa babu abin faɗa. Buhun ne dai, sai dai wannan karon na garin rogo ne. Mai kwale-kwale ya sake kashe inji a tsakiyar ruwa.

Ranar jeren ɗiyar Hajiya na je da hantsi, na sa aka ɗage labule aka buɗe taga, na kori mata waje suna zagina. Na kifa turmi a bakin ƙofa na ɗora gwiwar hannu, na riƙe numfashi. Da aka wanko hoton Hajiya ta shimfiɗa shi kan atamfofi, ta sa tabarau, ta bi shi da yatsa daga gado har ƙofa tana kiran sunan mai kowane kaya. Babu wadda ta ɓace. Ba ta ce ya yi kyau ba, Hajiya ba ta faɗin haka. Ta ce akwai bikin ɗiyar ƙanwarta a Ɗan Kassari, in shirya.

Sai ta jawo hotunan amaryar kanta. Na yi iyakar ƙoƙarina, na ja baya na sa ta a tsakiya, amma yarinyar ta matso tana son a ga lallenta da sarƙarta. Hannuwanta suka fito kamar faranti, hancin kuwa ba sai na faɗa ba. Ta fashe da kuka ta ce ƙawayenta za su gani. Hajiya ta ture su gefe ta ce waɗannan ba ta biya. Ban yi musu ba.

Haka muke yanzu. Ɗakunan amare nawa ne, har daga Dumega ana aiko mini. Baban Zali ya tashi yana takawa da sanda, amma hoton kati ya bar hannunmu, na suna ma haka, don babu uban da zai biya a mai da masa jariri kwaɗo. Da safe yana zama a ƙofar shago ya goge kamarar, ya miƙo mini, in rataya in fita. Uwar Isuhu kuwa da surukata ta je mata da maganar, cewa ta yi ɗanta ba ya sata, wataƙila ni na yar a kogi.

Na san masu karanta wannan akwai ƴan Arewa da ke Kwatano da Lome, akwai direbobi, akwai masu zama a kan bencin nan. Isuhu ɗan Dumega, dogo, mai tabo a gira ta hagu. Ba na neman a kama shi, ba na neman ya ba ni haƙuri, na ƙoshi da shi. In idon yana hannunsa, ko ya san hannun da ya koma, ku ce ya naɗe shi a tsumma mai tsabta ya ba kowane direban Dutsi, ya ce a kai ma Balki mai hoto. Ba sai ya faɗi sunansa ba. Mai shi yana nan zaune a ƙofar shago, ƙafarsa ta warke, aiki yake jira.